Yadda Ake Raba Ƙaramin Yaro da Wasan Gem na Manya

Wata Asabar na tarar da ɗan ƙanwata, yaro ɗan shekara bakwai, a zaure da wayar yayansa a hannu. Har na yi sallama sau biyu bai ɗago ba, sai na leƙa in ga abin da ya ɗauke masa hankali. Mutumin da yake sarrafawa ya finciko wani direba daga mota, ya tattake shi, ya shige motar ya bi ta kan masu tafiya a gefen titi. GTA San Andreas ne, wasan da ya fito tun 2004, wanda aka ware wa 'yan shekara 17 zuwa sama a Amurka, 18 kuma a Turai. Da na yi wa uwarsa magana, ta ce wallahi ita a zatonta tseren mota yake yi.

Ni dai matsayina a fili yake: yaron da bai gama firamare ba, ba shi da abin yi da wasan da masu sayar da shi da kansu suka ce na manya ne. Sai dai faɗin haka ba ya goge wasan daga waya. Ga yadda ake bin aikin daki-daki.

Mataki na farko: ku san sunan wasan

Yawancin iyaye "gem" kawai suka sani, kamar duk abu ɗaya ne. Ku zauna kusa da yaron cikin sakin fuska, ku ce ya nuna muku wasannin da yake so, ku rubuta sunayensu. Kada ku fara da faɗa, domin yaron da ya ga alamar za a ƙwace zai nuna muku wasan ƙwallo ya ɓoye sauran.

Akwai wata manhaja da ya kamata ku lura da ita, sunanta PPSSPP. Ita kanta ba wasa ba ce, aikinta buɗe wasannin tsohuwar na'urar PSP a wayar Android. A cikinta ne yara da yawa suke buga God of War da GTA Vice City Stories, duka na manya. Idan kun gan ta, ku buɗe ku duba abin da aka zuba mata.

Mataki na biyu: ku karanta alamar shekaru

Wannan alama tana da tarihi. Bayan fitowar Mortal Kombat a 1992, wasan da ake fille kan abokin karawa jini yana tsartuwa, majalisar dattawan Amurka ta zauna kan batun a 1993. Kamfanonin wasanni suka ga gara su tsara kansu kafin gwamnati ta tsara su, sai suka kafa hukumar ESRB a 1994. Ita da haruffa take aiki: E na kowa da kowa, E10+ daga shekara 10, T daga 13, M daga 17, AO kuma na manya zalla. Turai ta fito da nata tsarin, PEGI, a 2003, kuma ya fi sauƙin ganewa don lambobi ne: 3, 7, 12, 16, 18. Na 3 da 7 kore ne, na 18 ja.

A bayan kwalin faifan da ke ɗauke da alamar PEGI akwai ƙananan hotuna masu faɗin dalili. Dunƙulallen hannu yana nufin duka da kisa, gizo-gizo abin tsoro, allura miyagun ƙwayoyi, ɗan lido kuma caca. A Play Store ma lambar shekarun tana nan ƙarƙashin sunan kowane wasa. Duk inda kuka ga M ko 18, magana ta ƙare ga ɗan firamare. GTA V, Mortal Kombat 11 da sababbin wasannin Call of Duty na PlayStation duk nan suka faɗa.

Mataki na uku: ku kalla da idonku

Gani ya kori ji. Alamar shekaru wasu mutane ne a wata ƙasa suka sa ta da ma'aunin al'adarsu, kuma akwai wasan da suka ba 12 wanda shigar matan cikinsa ko kalamansa ba za su yi muku daɗi ba. Ku rubuta sunan wasan a YouTube, ku kalli minti goma na yadda ake buga shi, ba tallarsa ba. Ku lura da abu uku: wa ake kashewa, yaya ake nuna mutuwar, kuma me wasan yake ba mai kisan. Da bambanci mai girma tsakanin dodon zane da ya ɓace fat idan an buge shi, da mutum mai kama da na gaske yana roƙon a bar shi da rai, kuɗinsa suna zubewa a ƙasa don mai wasa ya kwashe.

A nan zan ɗan tsaya kan abin da bincike ya nuna, don kada mu gina hujjarmu a kan tsoro. Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka, APA, ta bayyana a 2015 cewa akwai alaƙa tsakanin wasannin tashin hankali da ƙaruwar zafin kai da raguwar tausayi. A 2020 kuma ta ja kunne cewa babu isasshiyar hujjar ɗora wa wasannin alhakin manyan laifuffuka irin su kisan kai. Saboda haka ba na cewa gem zai mayar da ɗanku ɗan daba. Damuwata ta fi wannan kusa da gida: yaro ɗan shekara shida ko bakwai bai gama rarrabe wasa da gaske ba, mai kwaikwayo ne, kuma abin da ya gani da rana yana bin sa har shimfiɗa. Ashar ɗin da ya ji a wasan ma tana iya fitowa daga bakinsa a gaban malaminsa na Islamiyya bai san ma'anarta ba.

Mataki na huɗu: ku yi magana da shi kafin ku goge

Idan ya wayi gari ya ga wasan ya ɓace, abin da zai koya kawai shi ne ya ƙara iya ɓoyewa. Ku nuna masa lambar 18 ɗin, ku tambaye shi shekararsa nawa. Ku ce masa, "Ka ga, waɗanda suka yi wasan ma sun ce ba naka ba ne tukuna." Zai ce duk abokansa suna yi. Ku amsa masa cewa kun ji, amma kowane gida da dokarsa. Zai yi kuka, wataƙila ya yi fushi kwana biyu. Ku bar shi ya yi, kada ku janye, kada kuma ku kai hannu jikinsa. Ba a koya wa yaro ƙin duka da bulala.

Mataki na biyar: ku kulle na'urar

A wayar Android, ku shiga saitin Play Store, sashen iyali, ku kunna kulawar iyaye, ku sa lambar sirri, sannan ku zaɓi iyakar shekaru. Idan yaron yana da waya ko tablet tasa, manhajar Family Link ta Google ta fi ƙarfi: ba zai sauke komai ba sai kun amince daga taku wayar, kuma kuna iya sa lokacin da na'urar za ta kulle kanta da dare. A iPhone, Screen Time ne yake wannan aiki. PlayStation, Xbox da Nintendo Switch duk suna da irin wannan saiti. Lambar sirrin kada ta zama shekarar haihuwar wani a gidan.

Wasannin da ake bugawa ta intanet, irin su PUBG Mobile da Free Fire, suna da wata matsala daban: baƙi manya suna magana da yaron kai tsaye. Ko da kun yarda babban yaro ya buga, ku kashe masa hirar murya da waɗanda bai sani ba.

Mataki na shida: ƙofofin da saiti ba ya rufewa

Wannan shi ne mataki mafi wahala a wurinmu. A Amurka ma, inda aka ƙirƙiro alamar, kotun ƙoli ta soke dokar jihar Kaliforniya ta hana sayar wa yara irin waɗannan wasanni a 2011, aka bar nauyin a wuyan iyaye da masu shaguna. Mu kuwa wasan ba ta shago yake shigowa ba. Ta manhajar Xender ake tura shi daga wayar aboki cikin minti biyu, ko mai lodin waƙoƙi da finafinai a bakin kasuwa ya zuba shi a memori, ba kwali, ba alama. A Family Link akwai wurin hana girka manhajar da ba daga Play Store ta fito ba, ku tabbata yana kunne.

Sai yayye da ƙannen uba da suke ba yaro waya don ya bar su su huta. Ku kira su ku yi musu bayani cikin mutunci, ku roƙe su su sa wa wasanninsu makulli, kuma kada su buga na kisa ƙananan suna tsaye a kansu. Kallo ma shiga ne.

Sannan gidan gem na unguwa. Ku taka da ƙafarku ku je, ku gaisa da mai wurin, ku nuna masa yaronku, ku ce ƙwallo kawai kuka yarda ya buga. Yawancinsu samari ne masu neman na kansu, kuma suna jin nauyin babban da ya zo da girmamawa. Idan ya ƙi ji, yaron ya daina zuwa, ku kuma sanar da sauran iyayen layin.

Mataki na bakwai: ku cike gurbin

Kada ku bar shi hannu rabbana. Minecraft na 'yan shekara bakwai zuwa sama ne a ma'aunin PEGI, kuma gini ake yi a cikinsa. Akwai wasannin ƙwallo irin su eFootball, akwai na tsere irin su Mario Kart. Ku sa masa lokaci, bayan ya dawo daga Islamiyya ya gama aikin gida, kuma a falo ko tsakar gida inda ido yake kaiwa. Wani lokaci ku karɓi ɗaya hannun ku buga tare da shi, a nan ne zai riƙa faɗa muku abin da abokansa suke bugawa ba tare da kun tambaya ba.

Bayan mako biyu ku sake duba wayar, da ta yayansa. Ku ƙara dubawa a makon Sallah da lokacin dogon hutu, sa'ad da 'yan uwa suke zuwa da wayoyinsu, kuɗin barka da Sallah kuma suke cikin aljihun yara.