Brebe da aikinka

Ɗan'uwa mai karatu, ka san brebe? Ita ce takardar ƙare kolej, bayan shekara 4. Shin tana ɗaga babban mutum a wurin aikinsa?

In aikin gwamnati kake nema, tana da amfani ƙwarai. Sai da takarda ake shiga gasar ɗaukar ma'aikata. Ko ka bar aji da daɗewa, kana iya ba da sunanka ka rubuta jarrabawar.

Amma fa takarda daban, iya aiki daban. A 2017 gwamnati ta jarraba malaman kwantaragi, masu takarda da yawa suka faɗi.

In kuwa rake kake nomawa nan Dungu, ɗan kasuwar Damagaram ba zai tambaye ka brebe ba. Dami zai ƙirga. Kai ma ka ƙirga, ka rubuta, tun mota ba ta tashi ba.