Amsoshin Tambayoyinku: Shin Kurkum Yana Hana Hanta Taurarewa?

Tambaya: Maigidana yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B, kuma likita ya ce hantar ta fara yin tabo. Maƙwabciyata ta ce in riƙa ba shi kurkum, wai yana hana hanta taurarewa. Da gaske ne? Daga wata uwargida a Zariya.

Amsa: Allah ya ba maigida lafiya. Maganar maƙwabciyarki tana da tushe, sai dai ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba.

A cikin hanta akwai wasu ƙwayoyin halitta masu siffar tauraro, aikinsu adana bitamin A. Muddin hanta tana lafiya, suna kwance abinsu. Idan cuta ko giya ko kitse suka daɗe suna dukan hantar, sai wasu sinadarai masu kaifi da ke fitowa daga iskar oksijin su taru, suna cin namanta kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Wannan ne ke tayar da ƙwayoyin nan, su saki bitamin ɗin, su kama saƙa wani zare mai tauri da ake kira kolajin. Zaren shi ne tabon. In ya yi yawa hanta ta taurare, jini ya kasa ratsa ta sosai, ciki ya tara ruwa.

Kurkumin, sinadarin da ke sa kurkum rawaya, yana dakusar da kaifin waɗancan sinadarai, yana kuma rage zumuɗin ƙwayoyin masu saƙa. An gwada a kan ɓerayen da aka raunata wa hanta da guba: waɗanda aka ba kurkumin tabonsu bai kai na sauran ba. A kan mutane kuwa, gwaje-gwajen ƙanana ne, galibi na masu kitsen hanta, kuma ba su tabbatar yana hana tabo ba. Ga shi kurkumin bai cika wuce kashi 5 cikin 100 na garin kurkum ba, hanji ma kaɗan yake tsotsa.

Kurkum a miya ko a shinkafa ba laifi. Kafsonsa ne abin tsoro. A 2019, hukumomin lafiya na Italiya sun sanar da mutum sama da 20 da hantarsu ta kumbura bayan shan irin wannan kafso, wanda da yawansa an haɗa shi da sinadarin masoro don jiki ya ƙara tsotsa.

Abin da aka tabbatar yana tsayar da tabon ciwon hanta B shi ne danne ƙwayar cutar da magani irin su tenofovir. Masu jure shan sa na shekaru, tabon da yawansu har raguwa yake yi. Saboda haka, Hajiya, maigida ya riƙe likitansa, ya guji gyaɗa da masara masu funfuna, kada kuma ya sha kafso ko jiƙo sai da izinin likita. Ke da yara ku je a gwada jininku, wanda bai kamu ba a yi masa allurar rigakafi.