Nasiha Ga Ɗana Mai Tara 'Yan Katafiloli

Mahaifiyarka ta kawo mini ƙararka, wai tun da ka fara ɗaukar albashi ka tsiri sayen motocin wasa kana jerawa a kabad, kai da ya kamata a ce kana tarin kuɗin lefe. Na ba ta haƙuri, na ce zan yi magana da kai. Ni dai ban ga aibu a sha'awar taka ba. Mutumin da ba shi da abin da ke faranta masa rai bayan ya taso aiki, shi ne zaman majalisa ke cinye wa lokaci. Sai dai sha'awa tana buƙatar linzami, kuma linzamin nake so in miƙa maka.

Fara da sanin abin da ke hannunka. Ƙera ƙananan injinan gini ya daɗe a ƙasar Turai. A 1953, lokacin da kamfanin Lesney na Ingila ya fara fitar da jerin motocinsa na Matchbox, abin da ya zo na ɗaya rola ce mai danne titi, ba motar hawa ba. Waɗancan don yara aka yi su. Irin waɗanda kake tarawa kuwa asalinsu talla ne. Mai sayar da injin da ya kai tan hamsin ba zai iya jawo shi zuwa ofishin ɗan kwangila ba, don haka sai ya sa a ƙera masa ƙarami mai kama da babban sak, ya ajiye a kan tebur ya yi bayani, in ciniki ya faɗa ya bar shi kyauta. Daga nan ne kamfanoni irin su NZG, wanda aka kafa a birnin Nuremberg na Jamus a 1968, da Conrad da ke kusa da birnin, suka yi suna. Har yau a baje kolin injinan gini na bauma da ake yi a Munich duk bayan shekara uku, masu tarawa kan yi cincirindo a rumfunan da ake sayar da ƙananan kamar yadda 'yan kwangila ke yi a gindin manyan. Na Caterpillar kuma, tun 2016 kamfanin Diecast Masters ne ke ƙera mafi yawansu da izinin masu abin.

Sannan ka lura da lambar da ake rubutawa a kwali. Mafi yawan masu tara injinan gini sun tsaya a kan 1:50, wato kowane tsawo an rage shi sau hamsin. Injin da ya kai mita 10 zai dawo santimita 20. To amma an rage tsawo, an rage faɗi, an rage tsayi, saboda haka jikin gaba ɗaya ya ragu sau 125,000. Katafila mai nauyin tan 100, da za a rage ta da ƙarfenta da komai, ba za ta wuce giram 800 ba. Shawarata ita ce ka tsaya a kan ma'auni ɗaya. In ka haɗa 1:50 da 1:87 a layi guda, za ka ga rola ta fi tifa girma, idonka ya saba da ƙarya. Ka kuma zaɓi fanni ɗaya ka bi shi a hankali. Misali kayan aikin titi: katafila mai share daji, injin haƙa, tifa, gireda, rola, da injin shimfiɗa kwalta. Guda shida da suka ba da labarin yadda ake gina hanya daga farko har ƙarshe sun fi guda talatin da aka tsinto nan da can.

A nan nake so ka ba ni kunnenka sosai. Duk wanda ka saya, kada ka sayi wani sai ka san aikinsa. Ka tambayi kanka me ya sa katafila ke tafiya a kan sarƙa maimakon taya. Amsar ita ce sarƙa tana baza nauyi a kan ƙasa mai faɗi, shi ya sa take ratsa taɓon da zai haɗiye tifa. Ka duba bayan injin haƙa, za ka ga dunƙulen ƙarfe. Shi ne ke hana shi kifewa idan ya miƙa hannu ya ɗebo ƙasa cike da bokiti. Ka duba gireda, doguwa siririya, garmarta a tsakiya nesa da tayoyin gaba da na baya. An yi haka ne don in taya ta hau tudu ko ta faɗa rami, kaɗan kawai garmar za ta motsa, ƙasa ta fito sumul. Mai ƙera ƙaramin bai manta da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kai ne za ka iya kallo ba ka gani ba.

Kuma gani ya kori ji. Duk inda ake aikin titi ko gada a kusa da kai, ka je ka yi sallama, ka tsaya inda aka ce ka tsaya, ka gaisa da direbobi da makanikai idan sun tashi hutu. Mutumin da ya yi shekaru a kan kujerar gireda zai faɗa maka abin da babu shi a intanet: yadda ake jin taurin ƙasa a hannu, da yadda ƙarar inji ke sauyawa kafin ya lalace. Ka girmama su, domin su ne masu abin na gaskiya. Ka karanta tarihin sunayen da ke jikin kayanka ma. Caterpillar ya samu ne a 1925 da haɗuwar kamfanonin Holt da Best a Amurka. Hans Liebherr ya ƙera injin ɗaga kayansa a 1949, lokacin da Jamus ke sake gina biranen da yaƙi ya rusa. Joseph Cyril Bamford, mai JCB, ya fara ne a 1945 a wani ɗan gareji na haya, inda ya haɗa tirela da ragowar ƙarafa. Matashi mai aikin hannu yana da darasi a nan.

Sai batun kuɗi. Kayan nan da dala ko yuro ake sayo su, ga kuɗin aikowa, ga na kwastan. Za ka ji ana cewa wannan kaɗan aka ƙera, in bai shiga hannunka yau ba ya tafi har abada, kuma nan gaba zai yi tsada. Gaskiya ne wasu sukan yi daraja, musamman waɗanda aka yi wa fentin wani kamfanin kwangila aka fitar da 'yan kaɗan. Amma kasuwarsu tana Turai da Amurka. Ranar da buƙata ta taso maka a nan, wa zai saya a farashin da ka biya? Saboda haka kada ka lissafa su a cikin jarinka. Haƙƙin iyaye da cefanen gida da ajiyar gobe su ne a gaba, abin da ya yi saura shi ne na kabad. Kada ka ci bashi saboda su ko na sisi, kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Idan kuma ka tashi saye, ka duba sunan maƙerin da alamar izini a jikin kwalin, ka duba ko hannun injin yana tsayawa inda ka tsayar da shi. Araha ba ta ado.

Abin da ka saya kuma ka kula da shi. Da tutiya ake zuba jikinsu, an gauraya ta da alminiyam da wasu ƙarafa kaɗan. Tsofaffi na shekarun 1930 zuwa 1950 wasunsu sukan kumbura su tsattsage saboda dalma da ta gurɓata haɗin, kuma laima tana gaggauta wannan. In an yi maka tallar tsoho, ka duba shi da kyau. Na yanzu babban maƙiyinsu a ƙasarmu ƙurar hunturu ce da zafin rana. Rana tana kashe fenti, zafi yana busar da robar taya har ta dare. Ka sa su a bayan gilashi nesa da taga, ka riƙa kaɗe su da buroshi mai laushi, ka ɗauke su ta gangar jiki, ba ta hannu ko tsani ba. Kwalayensu ka adana inda damina ba za ta taɓa ba, domin wanda ya rasa kwalinsa ya rasa wani kaso na darajarsa.

Yaran gida kuma kada ka mayar da su abokan gaba. Gaskiya ne waɗannan ba na ƙanana ba ne, suna da 'yan gutsattsarin da yaro zai iya haɗiyewa, shi ya sa akan rubuta shekara 14 zuwa sama a kwalin. Amma ka riƙa zaunar da su kana nuna musu da hannunka. A unguwarku akwai yaran da ke ƙera mota da kara da langalanga da tsohon silifas, babu zane babu ma'auni, ido kawai. Irin wannan yaron in ya ga yadda aka haɗa gaɓoɓin hannun injin haƙa, gobe za ka ga ya ƙera nasa yana ɗagawa da zare. Ka saya masa waya da filaya, ka ƙarfafa masa gwiwa ya riƙe karatun lissafi. Ƙasarmu tana sayo manyan injinan nan daga waje, tana kuma neman masu tuƙa su da masu gyara su.

Ɗana, ka tara kaɗan, ka san su ciki da waje, kada ka yi alfahari da su a gaban wanda bai samu na abinci ba. In ka riƙe wannan, sha'awarka za ta amfane ka ta amfani na ƙasa da kai. Allah Ya sa albarka a nemanka, Ya kuma raba ka da sayen abin da zai zame maka nadama.