Amsoshin Tambayoyinku: Asibiti da Al'adun Mutanen Maori

Wata mai sauraronmu daga Damagaram tana tambaya: wai gaskiya ne akwai ƙasar da ake yi wa ma'aikatan jinya jarrabawa kan mutunta al'adar majinyaci?

Gaskiya ne, malama, a New Zealand. 'Yan asalin ƙasar, wato Maori, sun daɗe suna ƙaurace wa asibitocin Turawa saboda raini. Wata ma'aikaciyar jinya daga cikinsu, Irihapeti Ramsden, ta tsaya kai da fata, har a 1992 hukumar jinya ta ƙasar ta sa wannan fanni cikin jarrabawar samun lasisi.

Hujjarta, wadda ni ma na gamsu da ita: majinyaci ne zai ce an mutunta shi, ba ma'aikaci ba.

Ga misali. A wajen Maori kai abu ne mai tsarki, don haka matashin da aka tallafe ƙafa da shi ba ya komawa ƙarƙashin kai. Idan mace ta haihu, ana miƙa wa dangi mabiyiya su binne a ƙasar kakanni. A harshensu kalma ɗaya, whenua, ita ce ƙasa, ita ce mabiyiya. Binne mabiyiya kuwa, malama, ba baƙonki ba ne.

Muna jiran tambayarki ta gaba.