Neman Tallafin Bincike: Darasi Daga Gonakin Babban Mutum

Gabatarwa

Duk shekara, da zarar an kammala ɗaukar ɗaliban digiri na biyu da na uku a sashenmu na nazarin halittu, tambayar da ta fi yawan shigowa ofishina ita ce: "Malam, ina ake samun tallafi?" Tambayar kuwa tana kan hanya, domin yawancin sinadaran ɗakin gwaje-gwaje daga waje ake sayo su da dala, ga kuɗin makaranta, ga na mota zuwa wurin ɗebo samfuri, ga hidimar iyali ga wanda ya ajiye iyali. Sai dai abin da na lura da shi a shekarun da na yi ina duba kundayen ɗalibai shi ne, akasarin waɗanda suka maƙale a hanya, tun wajen zaɓen abin da za su bincika suka maƙale, rashin kuɗi daga baya ya tarar da su. Wannan maƙala za ta nuna wa mai karatu yadda ake tsara tambayar bincike da kasafinta, sannan ta bi ƙofofin da ake ƙwanƙwasawa idan tsarin ya kammala.

Tambaya Kafin Kuɗi

Wasu shekaru da suka wuce na duba aikin wani ɗalibi, malamin sakandare, ɗan wani ƙauye kusa da Babban Mutum, a Ƙaramar Hukumar Baure ta ƙasar Daura, dab da iyakar Nijar. Ya zo mini da tsarin bincike a kan ƙwayoyin gado na wata bakteriya, wanda ya gina a kan wani aiki da aka yi a Turai. Na'urar da aikin ke bukata ba mu da ita, kuɗin sinadaran kuma ya haura albashinsa na shekara. Ya nace, ni ma na yi sake na bar shi, har shekara ta shuɗe yana rubuta wasiƙun neman taimako ba amsa.

Ran nan sai na tambaye shi abin da ya fi damun mahaifinsa a gona. Bai yi dogon tunani ba ya ce ƙuduji. Ya ƙara da cewa tsohon yakan ce ƙuduji ba ya son gindin gawo. Na ce masa, "To, ga digirinka nan a bakin mahaifinka." Damina ɗaya ya yi yana tattara bayanai da kuɗin da bai fi ƙarfin aljihunsa ba, kuma ya kare kundinsa a shekarar da ta biyo baya. Da ma Hausawa sun ce, da ɗan gari akan ci gari.

Ƙuduji da Gawo a Idon Kimiyya

Ya kamata mu ɗan tsaya mu ga abin da ya sa wannan tambaya ta cancanci digiri. Ƙuduji, ko wuta-wuta, wanda masana ke kira Striga hermonthica, tsiro ne mai rayuwa a jikin wani. Yakan manna saiwarsa a saiwar gero ko dawa ko masara, ya tsotse ruwa da abinci, kuma mafi yawan ɓarnar tana aukuwa ne a ƙarƙashin ƙasa, tun kafin manomi ya ga furensa mai ruwan hoda. Irinsa ƙanana ne kamar ƙura, tushe ɗaya yakan zubar da dubbai masu yawa, kuma suna iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10 ba su mutu ba.

Abin mamaki game da wannan iri shi ne, ba ya tsirowa sai ya ji ƙanshin wani sinadari da saiwar amfanin gona ke fitarwa, wanda ake kira sitirigolakton. An fara gano na farko daga cikin wannan rukuni a shekarar 1966 a saiwar auduga. Bincike ya nuna cewa idan ƙasa ta gaji, musamman idan ta rasa fosfaras da naitirojin, shuka takan ƙara fitar da wannan sinadari, wato yunwar gero ita ke tayar da ƙuduji daga barci. Shi ya sa ya fi addabar jigawar da ta daɗe ba ta ga taki ba. Auduga da gyaɗa da waken suya su ma suna fitar da sinadarin, amma ƙudujin gero ba ya iya kama saiwarsu, sai ya tsiro ya mutu, kuma wannan shi ne sirrin amfanin sauya shuka a gona.

Gawo kuwa, wato Faidherbia albida, itace ne mai saɓa wa 'yan uwansa: yakan zubar da ganye da damina, ya tofo da rani. Saboda haka ba ya tare wa gero rana, ganyen da ya zubar ya zama taki, saiwarsa kuma tana ɗauke da bakteriyar da ke kamo naitirojin daga iska. Manoman Magarya da Matamai da Mirya, a tsallaken iyaka cikin jihar Damagaram, sun shahara wajen renon gawo a gonakinsu, har masana daga ƙasashe da dama suka riƙa zuwa nazarin abin.

A nan mai bincike zai ga tambaya ta haifi tambayoyi. Idan gaskiya ne ƙuduji ya fi ƙaranci a gindin gawo, shin ƙarfin ƙasa ne ya jawo haka, ko kashin dabbobin da ke kwanciya a inuwar da rani suna cin 'ya'yan itacen, ko kuwa sanyin ƙasa da laimarta? Kowace ɗaya daga cikin waɗannan ana iya auna ta, kuma masu ba da tallafi sun san muhimmancin matsalar. Alal misali, a shekarar 2011 cibiyar IITA ta jagoranci wani babban shiri na yaƙi da ƙuduji a jihohin Kano da Bauchi da kuma ƙasar Kenya, da kuɗin Gidauniyar Bill da Melinda Gates.

Kasafi da Kalanda

Bari mu zana aikin a takarda, kamar yadda za a gabatar da shi ga masu tantancewa. A zaɓi gonakin gero 20 masu gawo, bayan an gai da dagaci an kuma nemi yardar masu gonakin. A kowace gona a ware wuri 3: gindin itace, bakin inda rassa suka ƙare, da fili mai nisan mita 20. A ajiye firam na katako mai mita 1 a kowane gefe, a ƙirga ƙudujin da ke ciki duk mako biyu, daga fitowarsa har girbi. A ɗebi ƙasa a kowane wuri, wato samfuri 60, a kai ɗakin gwaji a auna naitirojin da fosfaras.

Daga nan kasafi ya fito da kansa. Ɗalibi zai je ɗakin gwajin ƙasa, kamar na Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru a Zariya, ya karɓo farashin gwajin samfuri ɗaya a rubuce, ya ninka sau 60. Zai lissafa kuɗin mota na kowace tafiya, da ladan wanda zai taya shi ƙirga, da buhuna da tef ɗin awo, sannan ya ɗora kashi 10 cikin 100 saboda tashin farashi. Mai tantancewa yakan fara duba kasafi kafin komai, domin a nan ake gane wanda ya san aikin da wanda ya yi ƙiyasi a zaune.

Sai kalanda, wadda ɗalibai suka fi mantawa da ita. Damina a ƙasar Daura gajeriya ce, daga wajen Yuni zuwa Satumba, kuma sau ɗaya take zuwa a shekara. Hukumomin tallafi kuwa sukan ɗauki watanni kafin su ba da amsa. Wanda ke son kuɗi su iso shi kafin shuka, tun kakar bara ya kamata takardarsa ta tafi. Wanda ya makara da wata ɗaya, shekara ɗaya ya yi asara.

Ƙofofin Tallafi

Babbar ƙofa a cikin gida ita ce hukumar TETFund. Asalinta Dokar Soja ta 7 ta shekarar 1993, wadda ta ɗora harajin kashi 2 cikin 100 a kan ribar kamfanoni domin ilimi, bayan gwagwarmayar ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU. A 2011 aka yi sabuwar doka da ta keɓe asusun ga manyan makarantun gwamnati. Abin lura a nan shi ne, tallafin karatunta na malaman waɗannan makarantu ne, kuma makarantar mutum ce ke miƙa sunansa. A ƙarshen 2024 hukumar ta sanar da dakatar da tura malamai karatu waje daga Janairun 2025, ta karkata ga jami'o'in gida. Ɗalibin da ba ma'aikaci ba yana iya cin moriyar asusun ta wata hanya, wato ya nemi malamin da ke riƙe da tallafin bincike, ya ɗauki wani yanki na aikin ya zama kundinsa.

Akwai kuma asusun PTDF, wanda aka kafa a 1973 domin horar da ma'aikatan harkar man fetur. Masanin halittu yana iya samun gurbi a nan idan aikinsa ya shafi gurɓatar muhalli. Hukumar ba da tallafin karatu ta Jihar Katsina ita ma ƙofa ce da ɗan jiha ya kamata ya riƙa leƙawa.

Ƙofa ta gaba ita ce ta cibiyoyin ƙwarewa. A 2012 Jami'ar Bayero ta Kano ta kafa Cibiyar Nazarin Noma a Yankuna Masu Ƙarancin Ruwa da taimakon Gidauniyar MacArthur, kuma a 2014 ta shiga cikin cibiyoyin ƙwarewa na Afirka da Bankin Duniya ya tallafa wa, waɗanda 10 daga cikinsu a Nijeriya suke. Aiki irin na ƙuduji da gawo gidansa ke nan. A Jami'ar Ahmadu Bello kuma aka kafa cibiyar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa riƙon sakainar kashi, wadda ta dace da mai nazarin tsutsotsin ciki ko ciwon barci. Mai sha'awar inganta iri yana iya duban cibiyar WACCI ta Jami'ar Gana, wadda aka buɗe a 2007 domin horar da masu digiri na uku.

A waje akwai tallafin ƙungiyar Kwamanwel, wanda aka faro a 1959. Wani nau'insa yana ba ɗalibin digiri na uku damar yin wata 12 a Ingila, alhali rajistarsa tana jami'arsa ta gida, kuma wannan ya dace da wanda ya gama aikin gona, gwajin ƙarshe kawai ya rage masa. Hukumar DAAD ta Jamus tana da tsarin da ke biya wa ɗalibi karatu a ƙasarsa ko a wata ƙasar Afirka. Cibiyar TWAS, wadda Farfesa Abdus Salam ya kafa a 1983 a birnin Tiriyeste na Italiya, ta sha haɗa gwiwa da Indiya da Sin da Barazil wajen ɗaukar ɗalibai daga ƙasashe masu tasowa. Sharuɗɗan waɗannan hukumomi suna sauyawa, don haka a karanta sanarwar shekarar da ake ciki tun daga farko har ƙarshe. Kuma duk wanda ya nemi a biya shi kuɗi kafin ya samo wa mutum tallafi, a guje shi.

Gatan da Ba Kuɗi Ba

Akwai taimakon da yawancin ɗalibai ke wucewa ta gefensa ba su sani ba. Na farko shi ne ma'aikacin laburare. Tsarin Research4Life, wanda ya faro da Hinari na Hukumar Lafiya ta Duniya a 2002 da AGORA na hukumar FAO a 2003, yana buɗe wa jami'o'in ƙasashe masu tasowa dubban mujallun ilimi kyauta ko a farashi kaɗan, kuma mabuɗin yana hannun laburaren makarantar da ta yi rajista. Manhajar lissafi ta R kyauta ce, kuma ta isa ta warware alƙaluman gonaki 20 har ta yi saura.

Na biyu shi ne taron ƙara wa juna sani. Ɗalibin da ya tsaya gaban Ƙungiyar Masana Tsirrai ta Nijeriya ya gabatar da sakamakonsa na minti 10, ya sha tambayoyi, ya fi wanda ya ɓoye kundinsa a akwati samun wanda zai rubuta masa takardar shaida gobe. Ɗan Baure kuma yana da wata dama ta musamman: masanan cibiyar INRAN da na jami'o'in Maradi da Damagaram suna fama da gero iri ɗaya da ƙasa iri ɗaya, kuma da Hausa za a yi magana.

Na uku shi ne buga sakamako. Maƙala ɗaya a mujallar da masana ke tantancewa ta fi biyar a mujallun da ke karɓar kuɗi su buga komai cikin mako guda, domin masu ba da tallafi sun san irin waɗannan mujallu, kuma ganinsu a takardar mutum rage masa daraja yake yi.

Kammalawa

Wanda Allah ya ba tallafi, amana ya ɗauka. Ya adana rasit na kowace naira, ya aika rahoto a kan lokaci, kuma idan ya sa hannu a kan zai dawo ya yi wa makarantarsa aiki, to ya dawo, domin gudun mutum ɗaya yakan sa a rufe wa goma ƙofa. Haka nan ya koma wurin manoman da suka ba shi gonakinsu, ya gaya musu abin da ya gano da harshen da suke ji.

Ga ɗan aiki ga mai shirin shiga digiri na biyu: kafin ya sayi fom, ya zauna da manoma ko makiyaya ko ma'aikatan asibitin garinsu, ya rubuto matsala 5 da suka fi ambata. Ya zaɓi ɗaya wadda za a iya aunawa cikin damina ɗaya, ya rubuta tambayarta a jimla guda, ya yi mata kasafi a shafi guda. Da wannan takarda zai shiga ofishin malamin da yake so ya duba aikinsa.