IN AN SAUKE INJI, A CANJA SIL ƊIN GIYABOS KO A BARI?

A garejojin Apo da Kugbo da ke Abuja, sau da yawa akan ji musu tsakanin mai mota da makanike. An sauke inji domin gyara, makanike ya ce a canja sil ɗin giyabos tun da hanya ta buɗe, mai mota kuwa yana zargin ƙarin kuɗi kawai ake nema. Wannan darasi zai nuna inda gaskiya take.

Mene Ne Sil?

Sil wani zobe ne na roba mai ƙarfe a ciki. Yana da leɓe wanda wata siririyar waya mai naɗi ke matse shi a jikin sandar da ke juyawa, don kada mai ya tsiyaye. Zafi da tsufa su ke busar da robar har ta tsage. Motar da ke shan cunkoso kullum a hanyar Nyanya da Mararaba, musamman a watannin Maris da Afrilu, robarta ta fi shan wuya.

Sil Iri Biyu

Na farko shi ne na ciki, wanda ke mahaɗar inji da giyabos. A nan akwai sil na sandar da ke shiga giyabos, da kuma na bayan karanshaf, wanda ke tare baƙin mai. A mota mai canja giya da kanta, akwai sil a bakin famfon man giya. Waɗannan hannu ba ya kai gare su sai an raba inji da giyabos.

Na biyu shi ne na waje, wato inda farfela ko sandunan ƙafafun gaba ke fitowa. A yawancin motoci ana iya canja waɗannan inji yana zaune a wurinsa.

Hukunci

Sil ɗin ciki kuɗinsa kaɗan ne, ladan aikin kai gare shi ne mai yawa. Wanda ya bar tsohon sil, sa'an nan ya fara ɗiga bayan wata uku, zai sake biyan ladan saukewa da ɗorawa. Ban da haka, idan mai ya taɓa farantin kuloci, sai ya riƙa sulɓi, mota ta kasa hawan tudu, shi ma dole a canja shi. Giyabos da ya rasa mai kuwa haƙoransa da boris ɗinsa su ke cinyewa. Saboda haka a tsohuwar mota, ko wadda ba a san tarihinta ba kamar 'yan Kwatano, a canja na ciki ko da bai fara ɗiga ba.

Na waje kuwa, in ya bushe sarai, a bar shi. Babu asarar da za a yi in an jira.

Yadda Ake Gane Mai Ɗiga

A duba cikin ƙoƙon da ya haɗa inji da giyabos kafin a wanke shi. Baƙin mai yana nuna sil ɗin karanshaf. Mai kauri mai wari kamar na farar wuta, na giya ne. Mai ja-ja kuwa yawanci na giya mai canja kansa ne.

Gargaɗi

Sabon sil da aka sa da ganganci ya fi tsohon da ke zaune lafiya ɓarna. Don haka a kiyaye waɗannan:

1. A sayi sil na ainihi mai lambar da ta dace da motar. A tafi da tsohon kasuwa, ko Zuba ko Gudu, a gwada su. Jabu araha gare shi, amma araha ba ta ado. Kada a sa sil da aka ciro daga wani inji.

2. A shafa yatsa a jikin sandar. In tsohon sil ya ci mata zobe, sabon ma zai ɗiga sai an gyara wurin.

3. A shafa wa leɓen mai, a shigar da sil daidai, ba a karkace ba. Kada a doke shi da guduma kai tsaye.

4. A buɗe 'yar kafar da giyabos ke shaƙar iska. In ta toshe, iska mai zafi za ta tura mai ta bakin sil.

5. A mota mai canja giya da kanta, a tabbata tulun da ke tsakanin inji da giyabos ya zauna har ƙarshe kafin a ɗaure. In ba haka ba, famfo zai fashe.

Haƙƙin Mai Mota

Mai mota yana da ikon a nuna masa wurin kafin a fara aiki, a yi ciniki a kan kuɗin kaya da ladan aiki daban-daban, a kuma damƙa masa tsofaffin kayan da aka cire. Bayan an ɗora inji, ya ajiye motar a kan busasshen daɓe ta kwana, da safe ya duba ƙarƙashinta. Makanike na ƙwarai ba ya jin haushin tambaya. Rigakafi dai ya fi magani.