Tsohon Keke: A Sabunta Shi ko A Bar Shi Yadda Yake?

A ce ka shiga ɗakin ajiya na gidanku, ka tarar da keken kakanka jingine da bango. Baƙin fentinsa ya koɗe, tsatsa ta ci madigadi, fatar sirdi kuma ta bushe ta tsattsage. Idan ka goge ƙurar da ke gabansa, wataƙila ka ga ƙaramin tambarin ƙarfe mai hoton kan zalɓe. Wannan ita ce alamar Raleigh, kamfanin da ya soma ƙera kekuna a birnin Nottingham na ƙasar Ingila kafin shekarar 1890. Hausawa suna kiran irin wannan keke Rali. A da, mallakarsa abin alfahari ne ga malamin makaranta da ɗan kasuwa.

To, me za ka yi da shi? A kan wannan tambaya masu tara tsofaffin kekuna suka rabu biyu.

Kashi na farko suna ganin a sabunta shi. A kwance shi gaba ɗaya, a kankare tsohon fenti har a kai ga ƙarfe, a fesa sabo, a sa sabon sirdi da feda. Hujjarsu mai ƙarfi ce. Tsatsa ba ta tsayawa inda ta fara. In an ƙyale ta, sai ta huda ƙarfe. Sun kuma ce don a hau aka yi keke, ba don a jingine shi ana kallo ba.

Kashi na biyu sun ce a'a, a bar shi da kamanninsa. A wanke shi, a goge tsatsar sama a hankali, a shafa mai don kada ta ci gaba, shi ke nan. A wurinsu, kowane tabo yana da labari. Inda fenti ya goge a kan kariya, nan kakanka yake ɗaura buhun masara. Inda sirdi ya lotsa, zamansa ne na shekara da shekaru. Akwai kuma shaidar da masu bincike suke dogara da ita: lambar da aka buga a jikin ƙarfen keke, da shekara da watan ƙira da kamfanin Sturmey-Archer yake bugawa a cibiyar ƙafar baya mai giya. Fenti mai kauri yana iya binne lambar, kuma mai gyaran da ya sauya ƙafar baya ya jefar da shekarar bai sani ba.

Ka lura da wani abu a nan, domin shi ne ƙashin bayan muhawarar. Keken da aka bari yau, ana iya sabunta shi baɗi. Wanda aka kankare kuwa, babu mai iya mayar masa da fentinsa na asali, balle ma an daina ƙera Raleigh a Nottingham tun farkon wannan ƙarni. Saboda haka, a ganina, gara a fara da abin da za a iya warwarewa. Taya da roban burki da sarƙa kayan ƙarewa ne, a sauya su ba tare da jayayya ba, don babu tarihin da ya kai ran mahayi. Fenti da tambari kuwa, a yi haƙuri da su.

Sai dai wannan duk maganar mai ajiya ce. Manomin da har yanzu Ralinsa ke kai masa kaya kasuwa zai fesa kowane fenti ya samu kafin damina, kuma ba wanda zai ga laifinsa.

Tambayoyi

1. Wace hujja masu son sabuntawa suka kafa game da tsatsa?
2. Yi amfani da waɗannan kalmomi a cikin jimla: koɗe, kankare, lotsa.
3. Da keken naka ne, wane ɓangare za ka bi? Kawo dalilai biyu.